Kazar Lamba Tara

Ku 'yan yanzu, in kun ga mai ɗori ya ja ƙafa ya naɗe ta da kara, sai ku ce ai wannan kowa ma ya iya. Da kunnena na ji wani yana faɗa a bakin tasha, wai ɗori ba komai ba ne sai taurin zuciya da tsumma. To ku ji. Ja da naɗi su ne ƙaramin aiki a sana'ar nan. Babban aikin shi ne ka hana mai jini a jika tashi kafin ƙashinsa ya yarda. A nan ake gane maɗori, a nan kuma ake asarar ƙafa.

A wurin mahaifina na gaji ɗori, a nan Wudil, gidanmu na bayan kara inda ake cin kasuwar shanu. 'Ya'yansa maza duk sun bi fataucin shanu, ni kaɗai na zauna. Bai fara ba ni ƙafar mutum ba. Tulu yake saya wurin masu ginin tukwane, ya fasa, ya zuba a buhu ya ɗaure bakin, ya ce in haɗa shi ta waje da yatsuna, ban gani ba. In na ce na gama sai ya shafa ya ce, "Asabe, wannan majinyacin naki da baki a gindi zai tashi." Daga tulu ya mai da ni kan awaki, daga awaki kan yara. Sai da na yi aure na yi goyo kafin ya bar ni na ja ƙwaurin babban mutum, shi yana zaune gefe yana kallo.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da hukuncinsa. Karan dawa busasshe wanda bai sha ruwa ba, a fere shi a saƙa kamar ɗan asabari. In cinya ce, kara ba ya ɗauka, sai gwangwala. Sai man shanu ko man kaɗe, farin ƙyalle, da ruwan zafi na gashi. Ɗauri in ya yi sako-sako ƙashi ya goce, in ya yi tsauri jini ya tsaya, shi ya sa ba a rufe yatsu, kullum da safe a matsa farce a ga ko jini na dawowa. In kuwa ƙashi ya huda fata ya leƙo, wannan ba nawa ba ne, mota za a nema a yi asibitin Kano. Dokar Baba ce, ban taɓa ƙetare ta ba.

Sai kaza. Duk wanda aka kawo da karaya, danginsa za su zo da kaza. A karya mata irin ƙafar da ta karye masa, a ɗora su rana ɗaya, a ajiye ta inda zai riƙa ganinta. Ranar da ta sauke ƙafar ta taka ƙasa don kanta, ranar ake fara sassauta masa ɗauri a ba shi sanda. Mutane na ɗauka asiri ne. Baba ya ce mini, "Kaza ba ta warkar da kowa, Allah ke warkarwa. Amma majinyaci zai yi gardama da ke, zai yi da uwarsa, ba zai yi da kaza ba. Kaza ba ta jin roƙo, ba ta karɓar goro."

Da can masu zuwa zaurenmu sanannu ne: Bafulatanin da saniya ta shura ranar Juma'a, masunci da kwale-kwale ya matse wa hannu, yaron da ya faɗo daga mangwaro. Da kuɗin mai ya shigo ƙasa sai karaya ta sake kama. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya sayi babur bai koyi birki ba. Kamfanin titi ya kafa sansani a hayin gada. Samari kuma suka haukace da ƙwallo. Ni ban taɓa taka fili ba, amma kusan kowane wasa a zaurena yake ƙarewa. Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, shi ke zama bakin ƙofa da carbinsa in maza ne a shimfiɗe.

Wata ranar Talata aka shigo da wani lebura da kafaɗarsa ta goce, wani dogon Bature yana tallafe da shi. Shi ne shugaban leburorin kamfanin. Ina mai da kafaɗar ina kallon tsayuwar Baturen ta wutsiyar ido. Duk nauyinsa a ƙafar hagu yake, ta dama kuwa yana ajiye ta kamar kayan aro. Da na gama na ce, "Kai kuma wa ya ɓata maka gwiwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, kai mayya ne?"

Haka Hausarsa take, ta leburori, mace da namiji duk kai ne. Sikoti ake kiransa, don in ka ce masa ɗan Ingila sai fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya ce shi ɗan Sikotilan ne, ƙasarsu daban. Daga ranar ya zama ɗan gida. Duk yaron da ya ji ciwo a fili shi ke ɗauko shi a motarsa, don da yamma shi ke koya wa ƙungiyar gari ƙwallo.

A zaman zauren nan na san sana'arsa ta fari, kuma a jikinsa na karanta ta kafin ya faɗa da baki. Ya ce garinsu bakin teku ne, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ubansa maƙerin jiragen ruwa. Da ƙwallon tsumma ya fara a lungu. Ƙaramin kulob ya ɗauke shi yana yini a maƙera yana wasa ran Asabar, har wani babba ya saye shi kamar yadda ake sayen bajimi a kara, aka ba shi lamba tara, ya daina kowane aiki sai cin raga. Yawancin cinsa da ka ne. Ya ce ƙwallonsu ta fata ce, in ta sha ruwa kamar a jefo maka tulu. Na duba goshinsa, duk tabo. Karan hancinsa ya karye ya haɗe a karkace. Haƙoransa na gaba kuwa na cirewa ne, wani mai tsaron gida ya kwashe na asalin da gwiwar hannu. In yara suka dame shi sai ya zare su ya miƙa musu, su watse da ihu. Ya ce daga baya an sayar da shi wani kulob a Ingila, bai ji daɗin zama ba ya dawo gida, har ana maganar za a kira shi ya buga wa ƙasarsu. In ya zo nan sai ya shafa gwiwa ya sake zance. Ni kuma ba na tambayar abin da ba a ba ni ba.

Cikin yaransa akwai Ilu, ɗan Utai, mai ɗaukar kaya a kara. Siriri ne, amma in ya yi tsalle, in ji masu kallo, sai ka ce an ja shi da igiya. Shi Sikoti ya ba lamba tara. Na sha jin yana masa faɗa a zaure: "Kai gudu, gudu, kamar akuya ya ga kura! Lamba tara ba gudu ba. Lamba tara jira. Ka tsaya bayan kafaɗar mai tsaron baya, ka bari ya manta da kai. Ƙwallo zai zo sau ɗaya, sau biyu. Sauran duka jira."

Na ce, "Ashe sana'armu ɗaya."

A shekarar ne ƙungiyar Wudil ta kai wasan ƙarshe na kofin garuruwa, kuma labari ya zo cewa mutanen wani babban kulob na Kano za su zo musamman don su ga Ilu. In suka ɗauke shi, ya bar dakon buhu ke nan, albashi zai riƙa ci da ƙafarsa. Ana saura 'yan makonni, a wajen atisaye wani ya shigar masa ta baya. Da aka shimfiɗe shi na bi ƙwaurin da yatsa, na ji wurin. Ƙaramin ƙashin ne ya karye, sama kaɗan da idon sawun dama, bai goce ba. Irin wannan ita ce mugunyar karaya, don ba ta da ban tsoro. Kumburi na saɓewa sai mutum ya ji kamar ya warke. In ya yi gudu a kanta ta goce, idon sawu ya karkace, shi da gudu sai a mafarki.

Uwarsa ta aiko da kaza wake-wake daga Utai. Na ɗora su tare, na kwantar da shi a ɗakin zaure, kazar a kwando kusa da ƙofa.

Tun ba a je ko'ina ba aka fara sintiri. Garba, kyaftin ɗinsu, ɗan gidan Tabawa mai ƙosai, kullum yana tafe. "Gwaggo, ina kwana? Ina gajiya? Ya mai jiki? Ya kazar?"

"Kaza tana gaishe ka."

"Gwaggo, na ga kamar tana ɗan taɓa ƙasa fa."

"Da idonka na cin ƙosai ka gani?"

Ya kawo mini goro, ya kawo turmin atamfa wai 'yan ƙungiya ne suka haɗa. Na ce ya ba kazar, in ta karɓa na karɓa. Har manyan gari aka turo wa Malam. Malam ya ce shi carbi ya sani, ƙashi na Asabe ne.

Ana jibi wasa na tafi suna a garin Darki. Na dawo bayan la'asar na tarar da ƙofar gida cike da samari, ana tafi ana shewa. Garba ya taro ni tun daga nesa. "Gwaggo, albishirinki! Kaza ta taka! Wallahi har gudu take!"

Na shiga. Ga kaza wake-wake tana zagaye zaure tana tsattsage ƙasa, ɗan karan ɗori na reto a ƙafarta. Na dubi Ilu. Ilu ya dubi bango. Sikoti na tsaye bakin ƙofa, shigowarsa ke nan, yana murna da gaske, don shi bai san komai ba.

Na kama kazar na bi ƙafar da babban yatsa. Duk ƙashin da ya karye ya haɗe yana barin ƙulli, ko na mutum ko na tsuntsu. Wannan sumul take kamar allura. Ban tona musu asiri ba. In na ce ba ita ba ce, za su rantse, ni ma in rantse, a tashi a ce tsohuwa ta ƙi gaskiya. Na kwance mata karan na ce, "Madalla. Amma a al'adar gidan nan, kazar da ta warke sai an sake ta ta sha iska. Ku ba ta hanya."

Garba ya ce, "Gwaggo, ai magariba ta kusa, kar ta ɓata."

"Kaza ba ta ɓata da magariba, ɗan nan. Lokacin ne ma take sanin gida."

Na ajiye ta a ƙofar gida. Ta girgiza, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta miƙe. Ba ta ko waiwayi gidana ba. Ta bi ta gindin dalbejiya, ta ratsa lungun masu tukwane, mu kuma muna biye, ni da samari da Bature da ɗingishinsa, yara na ƙaruwa a kowace kwana. Ta kai gidan Tabawa ta shige ta ƙarƙashin ƙyaure kamar wadda aka aika. Sai ga muryar Tabawa daga ciki: "Ke kuma daga ina? Tun safe nake nemanki! Wane ɗan banzan ne ya sa mini gurguwa a akurki?"

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ce, "Kyaftin, an ci ka da ka!" Wani ya ce, "Kaza ta yi maka fenariti!" Tabawa ta fito da kazar Ilu a hannu, ƙafarta a naɗe a maƙale, ta ga ɗanta, ta gane, ta ce, "Garba, ko uban wa ya aike ka, yau za ka ci ludayi."

Sikoti kaɗai bai yi dariya ba. Da muka koma zaure da kazar Ilu ya zauna a bakin shimfiɗar Ilu ya naɗe wandonsa har cinya. Ranar na fara ganin gwiwar a fili. Ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ga ɗinki ta ko'ina. 

Ya ce, "Ilu, duba. Ni ma an canja mini kaza."

Ya ba da labarin da yake tsallakewa. Ya ji ciwo a gwiwa ana gab da babban wasan kofi, kuma a wasan ne masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallonsa. Aka ce ya huta. Manyan kulob suka ce akwai allurar da ke kashe zafi. Bai ce an tilasta shi ba, ya ce shi ma da bakinsa ya roƙa. Aka yi masa, ya shiga, bai ji komai ba. Ya ci ƙwallo da ka, mutane kamar su rushe filin. Da ya sauko daga tsallen, ƙafar ta naɗe a ƙarƙashinsa.

"An ɗauki kofi," in ji shi. "Ni an ɗauke ni a kan katako. An yanka, an sake yanka. Na koma ƙaramin kulob, na koma wanda ya fi ƙarami. Gudu babu, tsalle babu. Shekara bai kai talatin ba, na gama. Yanzu ina ƙirga lebura a rana."

Garba ya ce a hankali, "Amma ai ka ci, Koci."

"Na ci ɗaya. Na sayar da ɗari."

Na ce wa Ilu, "Ƙafarka ce, ba tawa ba. Ga wuƙa nan a kan taga. In za ka yanke ɗaurin, yanke da hannunka, ni ban kwance ba. Amma in ka fita, kar a dawo mini da kai, don abin da zai karye na biyu ba na ɗori ba ne."

Ya daɗe yana kallon wuƙar, ya kalli gwiwar Bature. Can ya ce, "Garba, miƙo mini kwandon." Ya sa kazarsa a ciki da kansa, ya juya ya ba mu baya.

Aka yi wasa ba Ilu, aka ci Wudil. Mutanen Kano suka sha lemo suka koma. Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Waɗanda suka yi dariyar kaza su ne suka fara cewa tsohuwa ta sayar da kofi. In na wuce majalisa sai a yi shiru, yara na bina da kukan kaza. Masu karaya suka koma wurin wani baƙo da ya sauka a tasha yana alƙawarin tayar da mutum cikin mako. Zaurena ya yi wata da watanni ba kowa sai Ilu da Fulani, su da ba ruwansu da ƙwallo. Ban je na ba kowa haƙuri ba. Na ci gaba da gashi safe da yamma.

Kazar ta sauke ƙafa a lokacinta. Na sassauta ɗauri na ba shi sanda. Da ya yar da sanda na miƙa shi ga Sikoti, na ce tafiya kawai, ban da gudu. Kullum da yamma sai ka hango su a yashin bakin kogi, dogon Bature na ɗingishi a gaba, Ilu na biye. Daga tafiya zuwa sassarfa, daga sassarfa zuwa tsalle, kowanne sai an zo na taɓa na yarda. Da kaka ta zagayo ya koma fili. Mutanen Kano ba su dawo don shi ba, sai da ya yi ta ci har labari ya ishe su suka aiko da mota. Ya daɗe yana buga musu lamba tara, kuma ba ciwo ne ya sauke shi ba, shi ya ce ya gaji. Kuna ganinsa ran Juma'a yana tafiya masallaci. Ku duba takunsa, ku faɗa mini wace ƙafa ce.

Baƙon tasha kuwa bai kai damina biyu ba. Waɗanda ya tayar cikin mako, ni aka kawo wa su daga baya, waɗanda za su gyaru.

Da aikin titi ya ƙare, Sikoti ya zo sallama. Ya shigo da wata jar kaza a hammata, ya ajiye ta gabana, ya naɗe wando.

"Gwaggo, ga kaza na. Ka ɗora ni."

Yana dariya, amma ƙafar a miƙe take, yana jira. Na sa hannu na bi gwiwar a tsanake, gaba da baya, kamar tulun Baba a buhu. Babu abin haɗawa. Abin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya cinye, suna gugar juna kamar dutsen niƙa. Maɗori ba ya yi wa ƙafa ƙarya.

Na ce, "Taka kazar an cinye ta tun a ƙasarku. Ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, ka shafa man kaɗe, in sanyinku ya zo ka naɗe ta. Iyakar abin da ke nan ke nan."

Ya gyaɗa kai ya sauke wandon. Ya ce, "To ka riƙe kaza." Na cika masa gwangwani da man kaɗe, Malam ya yi masa addu'ar hanya, ya tafi.

Ban karya jar kazar ba, kuma daga kanta ban sake karya wata ba. Malam dama ya daɗe yana cewa abin da tausayi. In majinyaci ya fara mini ƙaiƙayin tashi, sai in zaunar da shi in ba shi labarin mutum biyu masu lamba tara, in ce ya zaɓi wanda zai zama. Har yau ban ga wanda ya zaɓi Bature ba.

Waɗannan jajayen kajin da ke hawa muku tabarma kuna kora, jikokinta ne. Ku bar su su ci. Wanda kuma yake son koyo a cikinku, ga buhu can a rataye, ya je ya sayo tulu.